Daga Fagge Zuwa Janguza: Shirun Ya Yi Mini Yawa

Tambaya: Anti, watanni 4 ke nan da muka taso daga Fagge, cikin garin Kano, zuwa gidan da maigidana ya gina a Janguza, can bayan gari. Ga fili, ga iska, har na shuka zogale. Amma wallahi kewa ta ishe ni. A da, ina leƙa zaure zan samu yaron aike. Nan kuwa maggi ya ƙare sai na jira maigida. Ko butulci nake yi?

Amsa: 'Yar uwa, ba butulci ba ne, sabo ne, shi kuwa turken wawa ne. Ni ma da muka bar cikin gari, sai da na yi sati biyu ban yi barcin kirki ba, saboda babu ƙarar janareton maƙwabta, sai kukan kwaɗi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hidimar biki. Kafin ki samu adaidaita sahu, ki wuce sabuwar jami'ar Bayero, ki keta cunkoson Kabuga, an kai amarya.

Ki daina jiran a ƙwanƙwasa miki ƙofa; a sabuwar unguwa kowa baƙo ne, kowa na jiran wani. Ki dafa dambu da zogalen nan naki, ki aika gidaje uku na kusa. Kwanon ba zai dawo haka ba. Ki nemi islamiyyar matan unguwar, can ake jin wa ke adashi, wa ke kitso. Maggi kuwa, ki riƙa sayen na wata guda.