Mu masu shanu da naman waken suya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko naman da ake yi da waken suya maimakon dabba, irin Impossible Burger na Amurka, yana tsorata mu masu shanu. Wallahi a mayankar Oko-Oba da ke Agege ko zancensa ba a yi. Kuɗin tirela daga Potiskum zuwa Legas, shi ke hana mu barci.

Kuma ai ba baƙon abu ba ne. Awara fa? Tun muna yara ake soya ta a barbaɗa yaji, ba wanda ya taɓa ce mata nama. Sunan nama da ake ba wannan abin ne kawai ke ba ni haushi. Na ɗanɗana wani irinsa a unguwar Lekki ta Legas, ba laifi, amma tsiren Obalende ya fi shi araha nesa ba kusa ba.