Me Ya Sa Farin Fenti Yake Zubar da Gari?

Tambaya: Malam, ni mai fenti ne. Me ya sa wani farin fentin yake barin gari kamar alli a tafin hannu bayan ya sha rana, wani kuma ba ya yi?

Amsa: Ɗan'uwa, farin da kake gani hodar sinadarin titaniyam dayokzayid ce, wadda kowace ƙwayarta ba ta wuce kashi 0.3 cikin dubu na milimita ba. Idan hasken rana ya bugi ƙwayar tana tsirara, sai ta riƙa cinye danƙon da ke riƙe fentin, har hodar ta fito fili. Saboda haka masana'antu suke yi mata riga: ana dama ta cikin ruwa, a zuba sodiyam silikat da sodiyam aluminat, a daidaita tsamin ruwan sannu a hankali har silika da alumina, waɗanda ke fitowa daga waɗannan sinadarai biyu, su kwanta a jikin kowace ƙwaya. Silika, idan ta rufe ƙwayar ruf, ita ce garkuwar danƙon, alumina kuwa tana hana ƙwayoyin dunƙulewa. Daga nan sai a wanke, a busar, a niƙa da tururi.

Ina roƙonka, kada ka shafa fentin ɗaki a bangon waje, domin sau da yawa rigar ƙwayoyinsa ba ta da ƙwarin jure rana.