Amsa kan alaƙar ilimin zamantakewa da sauran fannoni

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ilimin zamantakewa, wanda aka ba ka gurbin karantawa, yana da alaƙa da tattalin arziki da tarihi da siyasa. Na daɗe ina koyar da fannin, kuma na lura ɗalibi ba ya gane wannan alaƙa ta hanyar haddar ma'anoni, sai an ajiye masa matsala guda a gabansa.

Misalin da na fi bayarwa shi ne unguwar Sabo ta Ibadan, wadda wani masani mai suna Abner Cohen ya nazarta, ya wallafa sakamakon a 1969. Hausawan Sabo sun riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu, kuma galibin cinikin shanun bashi ne, mahauci ya ɗauki sa, ya biya bayan ya sayar da nama, ba tare da takarda ko banki ba. Masanin tattalin arziki zai lissafa farashi da riba, amma lissafinsa ba zai gaya masa dalilin da ya sa falke ke damƙa dukiyarsa a hannun maigidan da ya sauke shi ba. Amsar tana cikin amana, da tsoron zubewar mutunci, da ikon Sarkin Sabo, kuma a nan siyasa ta shigo. Da siyasar jam'iyyu ta raunana wannan iko a farkon shekarun 1950, sai mutanen unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu, haɗin kansu ya ɗore. Wanda bai san tarihi da addini ba, ba zai iya bayyana wannan sauyi ba.

Haka abin yake a fannin lafiya. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, magani bai ƙare ba, yarda ce ta ƙare, kuma ko bayan da aka dawo da shirin a 2004, sai da sarakuna da malamai suka sa baki kafin iyaye da yawa su buɗe ƙofa.

Inda ɗalibanmu suka fi rauni, a ganina, shi ne ƙididdiga, domin da yawansu tsoron lissafi ne ya kawo su sashen. Ka riƙe wannan darasi da muhimmanci tun daga shekarar farko, domin da shi za ka tantance bayanan da za ka tattaro a binciken kammala digirinka.