Daga Katsina Zuwa Yankari da Yara

Malam, ka tambaya ko za a iya kai yara Yankari daga Katsina a dawo a rana ɗaya. Gaskiya kada ka soma. Sai ka bi ta Kano, Wudil, Birnin Kudu da Ningi ka isa Bauchi, sannan ka kama hanyar Gombe, ka karkata a Dindima. Ko da sallar asuba kuka fita, yini guda ne a mota, ga yara da "a tsaya" ba iyaka. Ku shirya kwana biyu a can.

Lokacin zuwa shi ne rani, musamman Fabrairu zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe, dabbobi na taruwa bakin kogin Gaji. Ɓauna da gwanki ana yawan dacewa da su, giwa kuwa sai mai rabo, don haka kada ka yi wa yaran alkawari. Gwaggon biri dai har ƙofar ɗaki zai same ku, kuma leda a hannun yaro tasa ce. Ku ɗauki kayan wanka saboda ruwan ɗumi na Wikki.

In yini ɗaya kawai gare ku, gidan zu na Audu Bako a Kano ya wadatar.