Tabarau da Sensa a Teburin Haɗa Kaya

Tambaya: Na ji cewa a wasu masana'antu ma'aikaci kan sa tabarau mai nuna masa inda kowane noti zai zauna. Shin wannan kaɗai ya isa ya hana kuskure? Daga wata ɗalibar injiniya.

Amsa: Malama, bai isa ba. Fasahar da ke cikin irin wannan tabarau, wadda ake kira AR (augmented reality), hoto take ɗorawa a kan kayan da ke gabanki: kibiya a kan rami, lamba a kan waya. A kamfanin Boeing aka raɗa mata suna a farkon shekarun 1990, inda Tom Caudell ya nemi sauƙaƙa wa masu haɗa wayoyin jirgin sama. Amma nuni daban, tabbatarwa daban, kuma tabbatarwar aikin sensa ce, wato na'urar da ke gano ko auna abin da aka yi.

Ga yadda tebur mai kyau yake aiki. Fitila ta kunnu a kan akwatin da za a ɗauki kaya. Kyamara mai auna nisa ta ga hannu ya shiga; in ya kauce zuwa na kusa, sai ja ta haska. Sannan sifana mai sensa ta auna ƙarfin ɗauri. Kusar M8 (mai kaurin milimita 8) mai darajar ƙarfi 8.8 kan so kimanin Nm 25 (newton-mita, ma'aunin ƙarfin ɗauri), M6 kuma kimanin 10. In ɗaurin bai kai ba, mataki na gaba ba zai buɗe ba. Nan ne ake kama kuskuren da ido ba ya gani, don noti mai sako-sako da wanda ya ɗauru kamanninsu ɗaya.

Matsalar da ta fi yawa ita ce gocewar hoto. A ɗan bugi kyamara, ko a matsar da abin riƙe kayan, sai kibiya ta koma ramin maƙwabci, ma'aikaci kuwa ya bi ta da zuciya ɗaya. Shi ya sa ake duba saiti a farkon kowane zangon aiki. Ƙarfe mai ƙyalli yana rikita kyamara, baƙar safar hannu ma haka. Mafi muni, a sauya zanen kaya a manta da sabunta umarnin.

Ga mai aiki a tebur ɗaya, mun fi son majigi mai haska umarni a kan teburin. HoloLens 2, tabarau na AR na kamfanin Microsoft, nauyinsa giram 566 ne, batirinsa awa 2 zuwa 3, kuma wuya tana gajiya. A bar tabarau ga mai zagaya babban inji, wanda hasken majigi ba zai bi shi ba.