Ginin jar ƙasa zai jure daminar Kaduna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi fili a Rigacikun, kuma ina so in gina gidan da ba zai cutar da iyalina ba, domin ɗana yana fama da asma. Ina tunanin yin ginin jar ƙasa in sa sola, amma 'yan'uwa suna cewa ginin marasa hali ne, kuma ruwan Agusta zai cinye shi. Mece ce shawararku?
Wani malamin makaranta, Kawo

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yaro lafiya.

Fargabar 'yan'uwanka game da ruwa tana da tushe, amma batun rashin hali ba haka yake ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa a shekarun 1830, kuma bakunan gizon da ke ɗauke da rufinsa daga ciki suna nan tsaye har yau. Maginan zamanin da sun san cewa ruwa ne abokin gabar bango, shi ya sa suke yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, suna kuma gyara kafin kowace damina.

A yau akwai injin matse bulo, wanda ake zuba masa tankaɗaɗɗiyar jar ƙasa da siminti kimanin kashi 5 zuwa 8 cikin 100, sannan a lulluɓe bulon a riƙa yayyafa masa ruwa har ya yi ƙwari cikin mako huɗu. Irin wannan bango yana jinkirta shigar zafin rana, don haka ɗaki yakan yi sanyi a Maris da Afrilu, ga kuma ragin siminti, wanda sarrafa shi ke haifar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa.

Inda nake so ka tsaya kai da fata shi ne harsashi da rufi. A ɗaga harsashin dutse ko kankare sama da ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a ɗora bulon farko, a kuma bar bakin kwano ya zarce bango sosai, saboda ruwan Kaduna da iska yake zuwa. Bangon da ya sha danshi yana yin funfuna, ita kuwa funfuna tana tayar da asma. A yi tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa.

Ka guji silin asbestos, musamman tsohon da aka ɓalle daga wani gida, domin ƙurarsa tana lalata huhu. Wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, wadda ke illa ga ƙwaƙwalwar yara, saboda haka ka nemi fentin ruwa ko farar ƙasa, kuma kada yaron ya kwana a ɗaki sai warin ya fita gaba ɗaya.

Sola kuwa ina goyon bayanta, ko don ta raba ku da hayaƙin janareta. A karkata farantan kaɗan su fuskanci kudu, a riƙa wanke ƙurarsu a hunturu, a ajiye batura a wuri mai iska nesa da ɗakin kwana. Kafin ka tona harsashi, ka kai zanen gidan KASUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, a ba ka izinin gini.