Amsar tambayar garambawul ɗin kwamishinoni

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na saurari muryarka, kana tambaya ko gaskiya ne gwamnan Filato zai yi wa kwamishinoninsa garambawul, kuma su wa za su shigo. Na san abin da ke ranka. So kake ka ji ko ɗan Jos ta Arewa zai samu ma'aikata mai maiƙo. To ni wallahi ba nan hankalina yake ba.

Kwamishina fa yaron gwamna ne. Yau a rantsar da shi, gobe sanarwa ɗaya a rediyo ta sauke shi, ba mai tambayar dalili. Gwamna ya aika suna, majalisar jiha ta tantance, shi ke nan. Amma kuɗin da zai yi aiki da su, wa ke amincewa? Majalisa, mutum 24 ɗin nan. A gaban kwamitinsu kowane kwamishina ke zuwa ya kare kasafin ma'aikatarsa. Ko gwamna ya ƙi sa hannu a doka, bayan kwana 30 kashi biyu cikin uku na majalisa za su iya zartar da ita ba da shi ba. Ƙarfin yana can, amma a zauren nan akwai wanda ko sunan ɗan majalisarsa bai sani ba.

Ka tuna ƙarshen 2023? Kotun ɗaukaka ƙara ta kori 'yan PDP 16 daga majalisar, shi kansa Gwamna Mutfwang sai Kotun Ƙoli ce ta tabbatar masa da kujerarsa a Janairun 2024. Wata da watanni ana ja-in-ja kan wa za a rantsar, wa ba za a rantsar ba. Mu kuma muna shayi muna musun jam'iyya. Bari in bar wannan, kar a ce na shiga siyasa.

Abin da ke cin raina shi ne kasuwar Terminus, babbar kasuwar Jos. Tun Fabrairun 2002 ta ƙone, zamanin Gwamna Dariye. Jang ya yi shekara takwas yana gwamna, Lalong ya yi takwas, an yi maganar yarjejeniyar sake gina kasuwar da bankin Jaiz a 2022, aka yi ta cece-kuce, maganar ta bi ruwa. Kwamishinonin kasuwanci nawa aka yi tun daga lokacin? Kai ma ba za ka iya ƙirgawa ba. Yaron da aka haifa a shekarar gobarar yau magidanci ne. Babanmu, Allah ya jiƙansa, rumfar atamfa gare shi a ciki, har ya rasu makullin rumfar na cikin aljihunsa. Je ka titin Ahmadu Bello da yamma ka gani, uwa da goyo ta baza tumatir a kan buhu, ido ɗaya kan ciniki, ido ɗaya kan masu kora. Hadari ya taso, kowa ya kwashi kaya a baro. Ga kuma sanyin Disamba na Jos! Mutum ba shi da rumfa, a ce masa ya bar titi, ya koma ina? Kuma kullum da safe sai ya yanki tikiti.

Ba wai na ce wakilci ba komai ba ne, a'a, kar ka fahimce ni a haka. Tsarin mulki da kansa ya ce gwamnatin jiha ta yi la'akari da bambancin al'ummarta wajen naɗe-naɗe, kuma ƙananan hukumomi 17 kowace na da haƙƙi. A ba mu, muna so. Amma in an ba ɗan unguwarku ma'aikata, kasafinta ba kuɗin aiki, me zai yi maka in ba zuwa ɗaurin aure da jiniya ba? Kuma sa kuɗi a kasafi daban, sakinsu daban, kowa ya san wannan.

Don haka duk mai kwafin kasafin bana, don Allah ya turo mana shafin ma'aikatar kasuwanci. Mu ga ko an sa kasuwar, nawa aka sa. Sai mu haɗa dattawa mu je wurin ɗan majalisarmu da takarda a hannu kafin a fara zaman kasafin baɗi. Ni zan je. Wassalam.